Birmingham, Houston, Paducah ko Alsace: ina ƙungiyar masu ɗinki za ta nufa kallon bargunan ƙyallaye?

Ƙungiyar teloli ko ta mata masu sana'ar hannu da ta fara tara kuɗi don zuwa kallon baje kolin bargunan ƙyallaye, da wuya shawararta ta wuce wurare huɗu: Festival of Quilts a Birmingham ta Ingila, International Quilt Festival a Houston ta jihar Texas, bikin QuiltWeek na ƙungiyar American Quilter's Society (AQS) a Paducah ta jihar Kentucky, da Carrefour Européen du Patchwork a yankin Alsace na Faransa. Kowanne yana da masoyansa, kuma hotunan duka huɗun a Facebook da YouTube suna ɗauke hankali. Sai dai hoto ba ya nuna wahalar biza, ba ya nuna nisan otal da zauren nuni, balle ya faɗa muku inda mutum goma sha biyar za su ci abincin dare. A ganina girman biki shi ne abu na ƙarshe da za a duba. Na farko shi ne fasfon da ke hannun 'yan ƙungiya, na biyu wurin kwana, sannan a zo ga abin da za a gani.

Ga wanda bai san sana'ar ba, bargon yana da hawa uku. Akwai fuska, wadda ake haɗawa da yankakkun ƙyallaye masu launi iri-iri, akwai auduga a tsakiya, akwai shafi a baya, sai ɗinkin da ke ratsa su duka ya riƙe audugar kada ta dunƙule. Wanda ya taɓa ganin lifidin da ake sa wa doki a hawan Sallah ya riga ya san dabarar. Abin da ya bambanta shi ne a waɗannan bukukuwa ana rataye bargunan ne kamar zane a bango, alƙalai na duba tsawon kowane ɗinki da yadda kusurwoyi suka haɗu, kuma ana ba da kyautar kuɗi mai tsoka.

Maganar biza ce ke raba gardama

Tun kafin a yi zancen Houston ko Paducah, dole a faɗi gaskiya ga waɗanda za su tashi daga gida. A watan Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta hana 'yan wasu ƙasashe shiga, ciki har da Chadi da Sudan. A watan Disambar wannan shekara ta faɗaɗa dokar: Nijar ta shiga jerin waɗanda aka hana gaba ɗaya, Najeriya kuma aka dakatar mata da wasu nau'o'in biza, har da ta ziyara, daga 1 ga Janairun 2026. Irin waɗannan dokoki suna canzawa, don haka a duba shafin ofishin jakadanci a ranar da za a yanke shawara. Amma muddin suna nan, bukukuwan Amurka biyu na 'yan'uwanmu ne mazauna can, na Bronx da Chicago da Atlanta da ita kanta Houston, ko masu riƙe da fasfo na wata ƙasa. Ƙungiyar da ke Kano ko Kaduna ko Damagaram ta cire su daga lissafi a yanzu, ta huta da zubar da kuɗi.

Saura Ingila da Faransa. Bizar ziyara ta Birtaniya ta wata shida ce, ana iya nema wata uku kafin tafiya, kuma yawanci amsa kan fito cikin mako uku. Ta Faransa bizar Schengen ce, kuɗinta Yuro 90 ga babba, ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya, kuma sai an nuna inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Da a ce zamanin baya ne, da na ce mutanen Nijar su nufi Faransa kai tsaye saboda harshe. Amma an rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai tun farkon 2024, abin da ya mayar da neman bizar aiki mai wuya. Ga 'yan Kamaru da ke jin Faransanci, Alsace tana nan a matsayin zaɓi na gaske.

Abu ɗaya da shugabannin ƙungiya kan manta: ba ƙungiya ake ba biza ba, mutum ake ba. Kowa zai nuna takardun bankinsa, da shaidar sana'arsa, da dalilin da zai sa ya dawo gida. Wasiƙar ƙungiya da rajistar shiga bikin suna taimakawa, amma ba su hana a ba wa mutum goma a hana biyar. Kuɗin da aka biya kuma ba ya dawowa.

Birmingham

An fara Festival of Quilts a 2003, da haɗin gwiwar ƙungiyar Quilters' Guild ta Birtaniya, kuma shi ne mafi girma a Turai. Ana yin sa kwana huɗu, Alhamis zuwa Lahadi, a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, a cibiyar baje koli ta NEC. Duk wanda ya taɓa jagorantar tafiyar mutane da yawa zai gane darajar wurin nan da zarar ya kalli taswira. Filin jirgin saman Birmingham, da tashar jirgin ƙasa ta Birmingham International, da NEC, duk a manne suke. Daga filin jirgi akwai ɗan jirgin ƙasa na kyauta da ke kai mutum tasha cikin minti biyu, daga tasha kuma a bi rufaffiyar hanya da ƙafa har cikin zaure. Daga Landan, jirgin ƙasa na tasowa daga tashar Euston ya iso cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Ba a buƙatar hayar mota, ba a buƙatar direba, kuma Hajiyar da ƙafa ke damu ba za ta sha wahalar hawa da sauka ba.

Daga gida akwai hanya biyu. Ko a bi jirgin da ke zuwa Landan kai tsaye daga Abuja ko Legas sannan a hau jirgin ƙasa, ko a bi ta Istanbul ko Doha ko Dubai a sauka a Birmingham ɗin kanta. Ga ƙungiya mai manyan akwatuna, na fi son ta biyu ko da ta fi tsawo. Jan akwati mai kilo 23 guda biyu a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, tare da mutum goma sha biyar da ba su san gari ba, ba abin da zan so wa kowa ba ne.

Sai maganar ci da ibada, wadda a nan Birmingham ta yi wa sauran ukun fintinkau. A ƙidayar 2021 kusan kashi 30 cikin ɗari na mazauna birnin Musulmi ne. Unguwannin Small Heath da Sparkbrook da Alum Rock cike suke da gidajen abinci na halal, ga Birmingham Central Mosque a Highgate, ga Green Lane Masjid a Small Heath. Tunda bikin yana ratsa Juma'a, ana iya tsara cewa ranar a fita da hantsi, a hau jirgin ƙasa zuwa tashar New Street, tafiyar kamar kwata ɗin awa, a yi sallah, a ci abinci, a zarce kasuwar Rag Market da ke kusa da Bullring a duba yadi. A lura dai cewa NEC a gefen gari take. Wanda ya kama otal a harabarta ya sami kusanci amma ya yi nisa da abincin da ya saba, wanda ya kama a tsakiyar gari kuma zai riƙa hawa jirgin ƙasa safe da yamma. Ni zan zaɓi tsakiyar gari, don otal ya fi yawa, kuma yamma tana da tsawo a lokacin: rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara.

Akwai wani abu a gasar Birmingham da ya kamata teloli su sani. A mafi yawan rukunanta ba a tace barguna kafin a rataye su. Wanda ya cika fom a kan lokaci, ya biya, ya bi ƙa'idar girma, za a rataye aikinsa a gefen na ƙwararru. Akwai ma rukuni na bargon da ƙungiya ta haɗu ta ɗinka. Ke nan ƙungiyar da ta shirya da wuri tana iya tara guntayen atamfa da shadda da ke zube a ƙarƙashin keke, kowa ya ɗinka murabba'insa, a haɗa, a aika. Tafiya ta tashi daga kallo kawai ta koma kai aiki. Ana rufe karɓar fom watanni kafin bikin, don haka wannan shawara ce ta farkon shekara. Wannan sassaucin yana da nasa illar: ingancin abin da za a gani hawa-hawa ne, wani bargon zai sa ka tsaya minti goma, wani kuma na ɗan koyo ne. Ga mai neman ƙwarin gwiwa hakan alheri ne. Mai son ganin zaɓaɓɓu zalla sai ya nufi ɗakunan da aka ware wa fitattun masu sana'ar.

Matsalar Birmingham lokaci ne. Ƙarshen Yuli da Agusta su ne lokacin dogon hutun makaranta, tikitin jirgi yana kan ganiyar tsadarsa, ofisoshin biza kuma cike suke da ɗalibai. Wanda ya jira sai Yuni ya fara neman biza ya makara.

Houston

In girma ake nema, ga shi nan. Karey Bresenhan ce ta fara wannan biki a 1974, daga shagonta na sayar da barguna, har ya zama mafi girma a Amurka. Ana yin sa a George R. Brown Convention Center da ke tsakiyar birnin, a watan Oktoba ko Nuwamba. Barguna sama da dubu, rumfunan 'yan kasuwa ɗaruruwa, azuzuwan koyarwa ɗaruruwa waɗanda wasu ke farawa tun kafin a buɗe ƙofa ga jama'a. 

Girman nan yana da wahalarsa ga ƙungiya. Zauren yana da tsawon da mutum zai gaji kafin ya kai ƙarshe, kuma ƙoƙarin a riƙa tafiya tare a dunƙule ba ya yiwuwa. Wannan tana son ta tsaya gaban keken nan mai dogon hannu ta ga yadda yake zana fure da zare, waccan tana son rumfar yadi. Gara a rabu bibbiyu, a sa wurin haɗuwa da lokaci. Kwana ɗaya ba ya isa. Biyu shi ne mafi ƙaranci, uku in akwai masu shiga aji. A zo da rigar sanyi ko da gari yana da ɗumi, domin na'urar sanyaya zauren ba ta wasa.

Masauki a Houston ba ya ƙarewa, birni ne na huɗu mafi girma a Amurka. Otal biyu, Hilton Americas da Marriott Marquis, suna haɗe da zauren ta gadar sama, kuma su ne ke fara cika, su ne kuma masu tsada. In aka matsa gefen gari farashi ya sauka, amma Houston gari ne na mota, sai an yi lissafin haya da kuɗin ajiye ta. Ta fuskar ci da sallah ba ta da laifi ko kaɗan. Tana cikin biranen da 'yan Najeriya suka fi yawa a Amurka, musamman kudu maso yammacinta, inda ake samun shagunan kayan abincin gida. A tsakiyar gari kuma akwai Islamic Da'wah Center, masallacin da ɗan wasan ƙwallon kwando Hakeem Olajuwon ya kafa a ginin wani tsohon banki.

Wani abin da ya sa nake ganin Houston ta dace da namu na can: a gidan tarihin zane-zane na wannan birni ne aka nuna bargunan matan Gee's Bend a 2002, baƙaƙen mata na wani ƙauye a Alabama da suka gaji ɗinka bargo da tsofaffin tufafin aiki, kuma daga nan duniya ta san su. Wanda ya ɗauka sana'ar ta tsofaffin Turawa ce kawai zai sake tunani. Ƙungiyar da ke da kwana ɗaya na rara tana iya zuwa La Grange, tsakanin Houston da Austin, inda aka buɗe Texas Quilt Museum a 2011.

Paducah

Nan labarin ya juya. Paducah ƙaramin gari ne mai mutum kamar 27,000, a inda kogin Tennessee ya haɗu da kogin Ohio. Bill da Meredith Schroeder suka kafa American Quilter's Society a 1984, aka fara bikin a 1985, aka buɗe gidan tarihin da yanzu ake kira National Quilt Museum a 1991, sannan a 2013 UNESCO ta sa garin cikin biranen sana'ar hannu. Ana yin bikin a watan Afrilu, kuma a makon garin gaba ɗaya ya koma na barguna: shaguna, majami'u, tagogin gidajen abinci, ko'ina an rataye. Gasar tana da tacewa mai tsanani, kuma manyan bargunan da suka ci kyauta kan zauna a gidan tarihin, shi ya sa wanda ya je zai ga na bana, ya kuma ga zakarun shekarun baya a wuri ɗaya. Ga shagon Hancock's of Paducah, wanda masu sana'ar ke zuwa daga nesa don yadinsa. In ingancin ɗinki kawai za a duba, ban ga wanda ya fi Paducah ba a cikin huɗun.

Amma garin da baƙinsa a mako ɗaya suke kai yawan mazaunansa, ina za su kwana? Otal kan cika tun shekara guda kafin bikin. Wasu na kwana a Metropolis ta jihar Illinois a tsallaken kogi, wasu a wajen tafkin Kentucky, wasu a gidajen mutanen gari da ke karɓar baƙi. Mutum biyu za su iya lallaɓawa. Neman ɗaki takwas a otal ɗaya wata uku kafin Afrilu kuwa ɓata lokaci ne. Filin jirgin garin ƙarami ne, yawanci sai a sauka a Nashville a yi tafiyar awa biyu da ɗoriya a mota. Kuma kogin yana da nasa hali: a 2011 ambaliya ta tilasta aka kwashe bikin daga wurinsa aka rarraba shi a wasu gine-gine na cikin gari. Abincin halal ba shi da yawa, ƙungiyar da ta damu da wannan ta kama gida mai kicin ta yi girkinta, ko ta riƙe kifi da ganye.

Saboda haka Paducah ta masu bas ce. Ƙungiyar da ke Chicago ko Atlanta, tafiyar kamar awa shida, wadda ta yi hayar bas guda, ta kama masauki tun bara, ita ce za ta ji daɗinta. Akwai kuma lissafin kalanda: a 'yan shekarun nan Afrilu yana faɗowa tsakanin ƙaramar Sallah da babba, lokacin da tela mai kwastomomi ba ya son ɗaga ƙafa daga keke.

Alsace

Wannan shi ne mafi daɗin kallo, kuma shi ne mafi wuyar tsarawa ga baƙo. Ba a zaure ɗaya ake yin sa ba. An baza shi a ƙauyuka huɗu na kwarin Val d'Argent a tsaunukan Vosges: Sainte-Marie-aux-Mines, Sainte-Croix-aux-Mines, Lièpvre da Rombach-le-Franc. An fara a 1995, ana yin kwana huɗu a tsakiyar Satumba. Dalilin zaɓen wurin yana da tarihi: a wannan kwari ne Jakob Ammann ya zauna, mutumin da mabiyansa suka ware a 1693 suka zama al'ummar Amish, waɗanda daga baya suka yi hijira zuwa Amurka suka shahara da bargunansu masu launi zalla ba ado. Garin kuma tsohon garin masaƙa ne da haƙar azurfa.

Ana rataye bargunan a gidan wasan kwaikwayo, da tsofaffin gidaje, da majami'u, motocin bikin kuma suna zirga-zirga tsakanin ƙauyukan. Shugaban tafiya ya faɗa wa mutanensa maganar majami'un tun a gida, don kada a je ƙofa a fara muhawara. Wanda ba zai shiga ba akwai sauran wurare da yawa. Abin da ake nunawa ya fi karkata ga zaɓaɓɓun masu fasaha daga ƙasashe daban-daban, kowa da ɗakinsa, kuma sau da yawa mai aikin tana tsaye a wurin ana iya yi mata tambaya. Ga mai jin Faransanci wannan riba ce babba. Ƙungiyar da ba mai ji ko ɗaya za ta kalla ne kawai ta wuce.

Isa wurin sai an yi hawa uku: jirgin ƙasa mai sauri daga Paris zuwa Strasbourg, ƙasa da awa biyu, wani daga Strasbourg zuwa Sélestat, sannan bas zuwa cikin kwari. Masauki a ƙauyukan kaɗan ne, yawancin baƙi a Sélestat ko Colmar ko Strasbourg suke kwana. Ana tafiyar ƙafa sosai, safiya da sanyi, ruwa kan sauka. Ƙungiyar matasa mutum shida zuwa takwas za ta more. Ƙungiya mai dattawa ba zan kai ta can a tafiyar farko ba.

Akwai wasu biyu da za a ji sunansu. Sisters Outdoor Quilt Show a jihar Oregon, wanda Jean Wells ta fara a 1975, ana rataye barguna a jikin gine-ginen gari kyauta, amma yini ɗaya ne tak, Asabar ta biyu a Yuli. Bai kai a tsallaka ƙasa dominsa ba sai ga wanda ke yammacin Amurka. QuiltCon kuma na masu salon zamani ne, yana canza gari, ana yin sa a Fabrairu, wanda a yanzu yake karo da azumi ko jajiberinsa.

Sayayya, inda kuɗi ke zurarewa

Ba ƙungiyar masu ɗinki da za ta je irin wannan wuri ta dawo hannu rabbana, don haka sayayya tana cikin abin da za a auna. Babban tarko shi ne keken ɗinki. Kamfanoni irin su Bernina da Janome da Brother da Juki suna kafa rumfuna, suna rage farashi, mutum ya zauna ya gwada ya ji ba zai iya tashi ba. Ƙarfin wutar Amurka volt 120 ne, na gida 230. Keken da aka saya a Houston ko Paducah, in ba mai karɓar wuta iri biyu ba ne, sai da taransifoma, in kuwa aka manta aka jona shi kai tsaye ya ƙone. Na Ingila wutarsa ɗaya da ta Najeriya da Gana, har filoginsa mai ƙafa uku iri ɗaya ne. Na Faransa ya yi daidai da soket ɗin Nijar da Kamaru. Ko a nan ma a tambayi kai: in allon kwamfutar keken ya lalace, wa zai gyara a Kano? Abin da ya fi amfani a ɗauko shi ne ƙananan kaya: wuƙar yanka mai zagayawa da faifanta, rula mai faɗi ta roba, allurai, ƙafafun keke na musamman, da zare mai kyau.

Yadi kuwa a yi hattara. Mun saba da turmi mai yadi shida. A can ana sayar da ƙyalle a yanka ƙanana, wanda aka fi sani inci 18 ne a 22, kuma in aka lissafa kuɗin yadi ɗaya daga irin wannan yanka sai a ga ya ninka na Kantin Kwari nesa ba kusa ba. Abin dariya ma, za a tarar da rumfunan da ke sayar da atamfar Afirka a yanke haka, ana rububinta. Wannan darasi ne na kasuwa ga mai ido, amma kada kowa ya cika akwati da niyyar sayarwa: bizar ziyara ba ta ba da izinin kasa kaya. A Amurka farashin da ke jikin kaya bai haɗa da haraji ba, ana ƙara kashi 8.25 a Houston, kashi 6 a Kentucky. Ingila ta daina mayar wa baƙi harajin kaya tun 2021. Faransa tana mayarwa in sayayya a shago ɗaya ta haura Yuro 100 kuma shagon yana cikin tsarin, sai a nemi takardar a wurin biya.

Yadda za a jera kashe kuɗi

Ko wane biki aka zaɓa, rikicin ƙungiya daga kuɗi yake farawa. Tsarin da na ga ya fi tsare zumunci shi ne a raba asusu biyu. Na farko na kowa da kowa ne, ana zuba shi kamar adashe a hannun ma'aji, da rasit, kuma shi ke biyan masauki da tikitin ƙofa da zirga-zirgar cikin gari. Na biyu aljihun mutum ne: bizarsa, tikitin jirginsa, sayayyarsa. A rubuta tun ranar farko abin da zai faru da kuɗin wanda aka hana biza ko ya fasa, kowa ya sa hannu, Hajiya da ƙaramar yarinyar shago duka.

Sannan a bi jeri. A fara kama ɗakunan otal irin waɗanda ake iya sokewa ba tare da asara ba, ko da sun ɗan fi tsada. A yi rajistar azuzuwa da zarar an buɗe, domin na fitattun malamai kan cika cikin kwanaki, kuma kada duka ƙungiya ta shiga aji ɗaya. A rarraba, kowa ya dawo ya koya wa saura. A nemi biza. Tikitin jirgi shi ne na ƙarshe, bayan fasfo ya dawo. A kuma tantance wanda za a tafi da shi da idon basira, don mutum ɗaya da ya je ya ƙi dawowa ya ɓata wa ƙungiyar suna a ofishin biza na shekaru.

To wanne? Ƙungiyar da za ta tashi daga Najeriya ko Gana, musamman a karon farko kuma da dattawa a ciki, Birmingham ce, ba ni da shakka: zaure ɗaya, harshe sananne, abinci da masallaci a kusa, wutar keke iri ɗaya, ga damar rataye bargon ƙungiya. Namu na Landan da Manchester kuwa ba su da uzuri, bas ɗaya da sassafe ta kai su ta dawo da su a yini. Mazauna Amurka da ba su taɓa zuwa ko ɗaya ba su fara da Houston, don ba ta buƙatar shirin shekara guda kuma ana samun jirgi daga ko'ina. Paducah ta zama tafiya ta biyu, bayan an san waɗanda da gaske sana'ar ce ta kawo su. Alsace ta ƙaramar ƙungiya ce mai jin Faransanci da ƙafar tafiya, ko namu mazauna Faransa da Beljiyam da Jamus da ba ruwansu da layin biza. Waɗanda ke Nijar da Chadi da Sudan, da ƙofofi suka yi musu ƙunci a yanzu, in akwai mutum biyu a cikinsu da takardunsu suka fi ƙarfi, a tura su Birmingham da kuɗin ƙungiya da jerin abin da za su koyo, su dawo su yi wa sauran bita.